Dashen reshen ros: zuma, girfa da alobera suna sa saiwa ko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni a Kano nake, ina son furen ros sosai. Na ga bidiyo da yawa a TikTok ana yanko reshe a tsoma a zuma ko alobera, wasu kuma su soke shi cikin dankalin turawa, wai sati biyu ya yi saiwa. Sau uku ina gwadawa, da farko sai ya fito da ganye ina ta murna, daga baya ya yi baƙi tun daga ƙasa ya mutu. Me nake yi ba daidai ba, kuma wanne ya fi a cikin kayan gidan nan?

Wa alaikumus salam Hajiya. Toh wlh ba ke kaɗai ba ce, kusan duk wanda ya taɓa gwada dashen ros a ƙasar nan sai da ya ga baƙin nan da kike faɗa, ni kaina na binne rassa ba adadi kafin hannuna ya faɗa. Amma bari in fara da abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa miki: zuma ba ta sa saiwa, girfa ba ta sa saiwa, dankali kuwa ba a ma maganarsa. Reshen ne da kansa yake yin saiwarsa. Aikinki kawai ki riƙe shi da rai har ya yi, wato ki hana shi bushewa ta sama ki hana shi ruɓewa ta ƙasa na tsawon sati huɗu zuwa takwas. Kayan gidan nan suna da amfani, ban ce ki zubar ba, amma amfaninsu a wajen tsaro ne, kamar mai gadi suke, ba su ne masu ginin ba. In reshen da kika yanko bai dace ba ko ƙasar da kika sa shi tana riƙe ruwa, ko tulu guda na zuma kika juye masa mutuwa zai yi.

Kinga ai mu dashen reshe ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Rogo da kara ake shuka shi, rake haka, dankalin hausa da yaɗonsa, cediya da durumi a sari reshe a kafa ya kama, dashi kuwa shinge ake yi da shi a ƙauye, ba wanda ya taɓa shafa musu zuma. Abin da ke faruwa shi ne akwai wani sinadari da tsiro yake haɗawa a toho da ƙananan ganye, masana suna ce masa oksin, kullum tafiyarsa daga sama zuwa ƙasa ce. Da kin yanke reshe sai sinadarin ya gangaro ya taru a bakin yankan tunda ba shi da hanyar wucewa, taruwar nan ita ke sa koren naman da ke ƙarƙashin ɓawo ya fara fitar da saiwa. Tun a shekarun 1930 aka gano haka, a 1935 wasu masana a Amurka suka nuna cewa wani ɗan'uwansa da ake kira IBA yana sa reshe yin saiwa sosai, kuma har yau shi ne ke cikin hodar da manyan masu renon tsirrai ke saya. Shi ya sa ma in kika kifa reshe, samansa ya koma ƙasa, ba zai kama ba, ki kula da wannan don bayan an cire ganye mutum yana iya rikicewa. Ki duba ƙaya, yawanci bakinta ƙasa yake kallo, idon toho kuma a saman tabon ganye yake.

Bambancin ros da rogo shi ne ros sarkin son jiki ne, yana jinkirin saiwa kuma tsakiyar reshensa taushi gare shi kamar totuwa, ruɓa na shiga da wuri.

Yanzu ga abin da ya same ki. Ganyen nan da kika gani kina murna ba alamar kamawa ba ce, yaudara ce. Reshe yana da ɗan abincin da ya tara a jikinsa, in ya ji ɗumi da danshi sai idon ya fashe ya fitar da toho da wannan guzurin alhali ƙasa ba ko silin saiwa ɗaya. Sabon ganyen kuma ruwa yake sha yana fitarwa, ba mai ɗebo masa, sai reshen ya ƙarar da abin da ke gare shi a sama. Mu in muka ga reshe ya yi toho cikin sati ɗaya ba ma murna, tsoro ma muke ji. Wanda ya yi shiru yana nan kore shar har sati uku, shi ne ake sa wa rai. Shi kuma baƙin da ya faro daga ƙasa yana hawa, ruɓa ce, fumfuna da ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta bakin yankan, kuma kusan kullum dalilin ruwa ne ya yi yawa ko ƙasar akwai taki ko laka a ciki. Da daga sama ya faro, reshen ya yamushe ya koma ruwan ƙasa, da sai in ce miki bushewa ce, iska ko rana ta buge shi. Tunda naki daga ƙasa ne, ina kyautata zaton ƙasar tukunyar fulawa kika sa shi kina ba shi ruwa safe da yamma don tausayi.

Zaɓen reshe shi ne rabin aikin gaskiya. Kar ki ɗauki sabon toho mai jaja-jaja da ke lanƙwasa kamar lalo, kwana biyu zai narke. Kar kuma ki ɗauki tsohon kara na gindi da ya yi ruwan toka ya ƙeƙashe, yana iya kamawa amma sai kin gaji da jira. Wanda ake so shi ne reshen da ya yi fure furen ya gama ya fara zubewa, kore ne amma ya yi ƙwari, kaurinsa kamar fensir. Akwai gwajin da muke yi: ki tura ƙaya ɗaya gefe da babban yatsa, in ta ɓalle ɗas ta bar wuri fes to reshen ya nuna daidai, in ta lanƙwashe ta ƙi fita ɗanye ne, in ta ƙi motsi sai da yaƙi ya tsufa. Uwar kuma ta zama lafiyayya, ba ɗigon baƙi a ganye, ba farin gari-gari, ba saƙar gizo a bayan ganye, don duk cutar da ke jikin uwa da ita ɗan zai taho. In da hali ki sa a ba uwar ruwa sosai da yamma, ki yanka washegari da sassafe kafin rana ta ɗaga, lokacin reshen ya ƙoshi da ruwa. Kuma dan Allah kar a yanko a gidan ƙawa da azahar a jefa a jaka a wuce biki sai dare, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a sa a leda, ko a tsoma gindin a ruwa har a iso gida.

Wajen yanka ki samu sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi ki goge ta da sifirit. Almakashin ɗinki ko dakusasshiyar wuƙar kicin tauna reshen suke yi, wurin da aka tauna kuwa nan ruɓa ke farawa. Tsawo kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, ya zama akwai gaɓa uku ko huɗu, gaɓa ina nufin inda ganye ya fito. Yankan ƙasa ki yi shi dab da ƙarƙashin gaɓa, don a nan ne saiwa ta fi saurin fita, na sama kuma ki yi shi kaɗan a saman gaɓa, ki cire ragowar furen gaba ɗaya. Ganyen ƙasa duk ki cire, da ƙayar da za ta shiga ƙasa, amma ki bar ganye ɗaya ko biyu a sama. Nan mutane da yawa ke kuskure, suna aske reshen tas ya koma kamar tsinke. Koren reshen ros yana buƙatar ganyen nan, shi ke dafa masa abincin da zai gina saiwa da shi, kuma ta wajensa oksin ɗin ke gangarowa. In ganyen manya ne ki rage, kinga ganyen ros ƙanana biyar ne ko bakwai a jere, ki bar biyu zuwa huɗu. Sannan a gindin ki ɗan kankare ɓawon ta gefe ɗaya ko biyu, tsawon gaɓar yatsa, sama-sama dai har koren ya bayyana, ba wai ki fere shi kamar rake ba. Wannan ɗan raunin wlh ya fi duk wani haɗin da za ki shafa tasiri.

To sai maganar kayan gida, tunda ita ce ainihin tambayarki.

Zuma tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, shi ya sa tun da ake sa ta a ƙuna da gyambo. In an sirka ta da ruwa akwai wani sinadarin da ƙudan zuma suka sa mata da ke fitar da ɗan abin kashe ƙwayoyin cuta a hankali, amma zafi na kashe shi. Saboda haka masu cewa a tafasa zuma a ruwa sun ɓata aikin tun a tukunya. Ki tafasa ruwan shi kaɗai, kofi biyu, ki bari ya huce, sannan ki dama cokali ɗaya na zuma, ki tsoma gindin rassan na ɗan lokaci ki dasa. Kar ki dangwala reshe a tsurar zuma ta yi kauri a jikinsa, janye ruwan reshen take yi. Sai kuma matsala biyu irin tamu. Ta farko, zumar kasuwa da yawa sukari ne aka dafa, in kika sa wannan abinci kika kai wa fumfuna har gida. Ta biyu kiyashi. Akwai shekarar da na jera leda kusan talatin duk na dangwala musu zuma da kauri don ina ganin yawan shi ne alheri, kwana biyu na zo na tarar kiyashi sun yi gari a ciki sun rarake yashin gindin kowanne, iska ta shiga, ban tsira da ko biyar ba. Tun daga ranar ni dai na rage hulɗa da zuma a wajen dashe.

Girfa ta fi kwanta min, don matsalarki ruɓa ce ita kuma girfa man da ke cikinta yana hana fumfuna, ga ta busasshiya ba ta kiran kiyashi. Ki daka ta yi laushi, ki jiƙa gindin reshen kaɗan, ki dangwala ki karkaɗe, ya zama kamar an shafa hoda ba kamar an tumurmusa tsire a ƙuli ba, in ta yi yawa tana ƙona ɗanyen naman. In babu girfa garin gawayi mai laushi ma yana taimakawa, yana tsane bakin yankan. Toka ce ban so, kaifi gare ta irin na kanwa, ros kuma ya fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami.

Alobera kuma, ita ce a cikinsu zan ce tana ɗan taɓukawa ta wajen riƙe danshi, ruwanta mai yauƙi yana lulluɓe yankan ya hana shi bushewa kafin ya warke. Ki yanko ganye mai kauri ki jingine shi minti goma ruwan nan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye, ki tsaga ki kankaro farin, ki shafa siriri a gindin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a soke reshe cikin gutsuren alobera a binne su tare kamar yadda ake nunawa. A garin sanyi wataƙila su sha, amma a zafin Kano kwana uku gutsuren nan ya zama ruɓaɓɓen abu mai wari, reshenki na zaune a tsakiyarsa. In kina so ki haɗa, shafa alobera siriri sannan ki barbaɗa girfa a kai, shikenan, ni abin da nake yi kenan in ba hodar IBA ta kanti a hannu.

Dankalin turawa kuwa ki soya wa yara kawai. Hikimar wai zai ba reshe danshi, amma ɗayan biyu ne ke faruwa, ko ya ruɓe ya tafi da reshen, ko shi ya tsiro ki wayi gari kina renon dankali a tukunyar fulawa. Ayaba da tumatir da ake nunawa duk tafiyarsu ɗaya. Kuma ki lura da bidiyon nan da kyau, saiwar da suke nunawa wai ta sati biyu wani lokacin fara ce tas mai tsawo ba ko ƙwayar ƙasa a jikinta, wani ma reshen furensa bai ko yi yaushi ba, ai ke ma kin san da walakin.

Akwai wanda Turawa suka daɗe suna yi, ruwan itacen wilo. Itace ne na bakin rafi, galibi a ƙasashen sanyi, shi ko a ruwa kika jefa reshensa saiwa zai yi, sai su yayyanka ƙananan rassansa su jiƙa kwana ɗaya ko biyu su tsoma dashensu a ruwan. A ɓawonsa akwai sinadarin da asfirin ya samo asali daga danginsa. A cikin haɗin gida shi ne ya fi suna, amma ina za ki samo wilo a Kano, kar ki wahalar da kanki. Wasu kuma suna jiƙa wake ko masara har su tsiro su markaɗa su tace, da hujjar cewa tsiro na ɗauke da oksin. Akwai shi kam, amma ɗan kaɗan ne kuma haske da ƙwayoyin cuta na lalata shi da wuri, ga ruwan yana tsami cikin kwana ɗaya. Wanda zan ja kunnenki a kai shi ne ruwan zogale da ruwan kwakwa. Su sinadarin da ya fi yawa a cikinsu na tura toho da ganye ne, ba na saiwa ba, wato daidai abin da ya kashe miki na baya za su ƙara. Ki ajiye ruwan zogalen sai dashen ya kama ya yi saiwa, a lokacin in kin sirka kin fesa a ganye ba laifi.

In kuma kin samu hodar IBA a shagon kayan noma, ba haramun ba ce, ta fi duk waɗannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana yin ta hawa-hawa, mai kashi 0.1, 0.3 da 0.8 cikin 100, ta tsakiyar ita ta dace da irin reshen da na kwatanta miki. Ki duba kwanan wata don tana mutuwa in ta daɗe a zafi.

Yanzu abin da za ki dasa a ciki, wanda a ganina nan ne gyaranki yake. Reshen da ba shi da saiwa ba ya cin taki, ba abin da taki zai yi masa sai kawo cuta, saboda haka ba kashin shanu, ba na kaji, ba takin zamani, ba ƙasar bola. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa ake so, irin na gini ba mai laushin nan kamar gari ba, ki wanke shi har ruwan ya fita fari, ki kwarara masa tafasasshen ruwa ki bari ya huce. In kina samun ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba, ki haɗa rabi da rabi, haɗin nan yana riƙe danshi kuma iska na ratsa shi, saiwa kuwa numfashi take yi kamar ni da ke. Mazubi ba sai kin saya ba, ledar fiya wata ta isa, ki yanke samanta ki huhhuda ƙasan da gefe sosai, ko kofin roba fari wanda za ki riƙa hango saiwa ta jikinsa. Ki jiƙa yashin ya tsane, in kin dunƙula a hannu ya haɗe amma ruwa bai ɗiga ba to ya yi. Ki huda rami da tsinke ko fensir tukuna, kar ki cusa reshen da ƙarfi ya goge abin da kika shafa, ki sa gaɓa biyu a ciki, ki danne gefen da yatsa ya zauna daram. A ruwa zalla cikin kwalba kuma ban ba ki shawara ba, wasu fulawowin suna yi, ros yawanci ruɓewa yake.

Daga nan sai rufi. Ki samu gorar ruwa babba fara ki yanke gindinta ki kifa a kan reshen, ko ki jera ledojin a bokiti ko kwali ki rufe da farar leda ki ɗaure, ganyen dai kar ya manne da ledar. In kin ga gumi ya kwanta a jikin gorar to danshi ya yi daidai. Kullum da safe ki buɗe murfin minti biyar zuwa goma iska ta canza, in ganye ya faɗo ki cire shi nan take kafin ya yi fumfuna. Wuri kuma mai haske amma rana ba ta taɓa shi kai tsaye, gindin darbejiya mai duhuwa, ko baranda ta ɓangaren da rana ba ta shiga. Wannan ki riƙe shi da kyau, gora a rufe in ranar Kano ta same ta awa ɗaya ta dafa reshen kamar dambu. Kar ki ajiye a kan siminti mai ɗaukar zafi, kar kuma a ƙasa tsirara saboda gara, ki ɗora a kan benci ko bulo. Kaji da awaki kuwa kin fi ni sanin halinsu.

Ruwa, in rufin ya yi kyau za ki iya kwana huɗu ko biyar ba ki ƙara ba. Ki tura yatsa, in da sanyin danshi ki ƙyale shi. Ruwan sama ya fi, in na famfo ne ki tara ya kwana, in rijiyar burtsatsenku mai gishiri-gishiri ce ki nemo wani don ɗan dashe bai jure gishiri. Kuma ki cire hannunki daga jikinsa, masu zaro reshe duk bayan kwana uku su duba ko ya yi saiwa su ne ke kashe shi. Da farko wani farin ƙullutu ne zai fito a bakin yankan kamar tabon ciwo, saiwar tana biyo baya, siririya ce ko taɓawa aka yi ta karye. Bayan sati huɗu ki ɗan ja shi a hankali, in kin ji ya riƙe ki sake shi.

Lokaci ma yana da ruwa da tsaki a ciki. Reshen ros ya fi yin saiwa in zafi na tsakanin digiri 20 zuwa 25, shi ya sa mutanen Jos suke dasawa kamar wasa, garinsu na kan tudu sama da mita 1,200, sanyi da raɓa sun yi musu rabin aikin. Ke kuma a Kano daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, in a bazara kika yi gwajin nan naki uku to ba ma sai an nemi wani dalili ba. Ni na fi son Yuli zuwa Agusta, damina ta zauna gari ya yi laushi, sai dai a ajiye inda ruwan sama ba zai riƙa dukansu ba, kuma a rage ban ruwa sosai. Amfanin wannan lokacin shi ne kafin bazara ta zagayo dashen ya yi wata shida ko bakwai ya yi ƙarfi. Na biyu shi ne Nuwamba zuwa Janairu, ruɓa ba ta da yawa amma hunturu na busar da reshe cikin yini ɗaya in ba rufi, saiwar kuma tana jinkiri, sannan yana fitowa yana jariri zafi na jiransa. Kuma kar ki dasa ɗaya ki zauna kina kallonsa, ki yi goma ko sha biyar a tashi ɗaya. In huɗu ko biyar suka kama ki gode Allah, mu ma da muke sana'ar ba duka ke kama mana ba. In kina son ki gane wa idonki, ki raba su uku, wasu da girfa, wasu da alobera, wasu ba komai, ki sa alama a ledar.

In ya kama kar ki yaye rufin rana ɗaya. Ki fara cire murfin gorar kwana uku, sannan ki riƙa ɗage ta awa biyu, awa huɗu, har sati ɗaya ko kwana goma ya saba da iskar waje. Sai ki yanka ledar ki mayar da shi tukunya da yashinsa ba tare da kin karkaɗe saiwar ba, yanzu ne za ki haɗa ƙasa mai kyau da yashi da taki wanda ya ruɓe sosai ya koma kamar ƙasa. Sati biyu a inuwa, daga nan ki fara ba shi ranar safe. Zai yi saurin kawo ƙunshin fure tun yana ƙarami, na san da zafi amma ki tsinke na farko da na biyu, ƙarfin ya tafi saiwa.

Sai irin ros ɗin kansa. Wanda ya fi kamawa shi ne wanda kika gani ya daɗe a gidan wani a garinku yana fure ba tare da wani gata ba, irin masu ƙananan fure a cunkushe ko masu yaɗo, ya riga ya saba da zafinmu. Manyan nan masu dogon wuya na cikin buke da ake kawowa wajen biki ko a ba amarya, yawancinsu daga gonakin ƙasashe irin su Kenya suke, wajen tafkin Naibasha mai tudu da sanyi, sun kwana da kwanaki a firji da jirgi, kuma can ma yawanci aure ake musu a kan gindin wani ros mai ƙarfi kamar yadda muke wa mangwaro. Za ki iya gwadawa amma kar ki sa rai, in ma ya kama da wuya ya yi irin furen da kika gani. Haka wardin Ɗa'ifa da alhazai ke sayo turarensa, wanda ake haɗa ruwansa da zamzam wajen wanke Ka'aba, shi ma ɗan kan dutse ne, sanyin hunturun can yake so kafin ya yi fure. Sannan ki tabbatar abin da ke hannunki ros ne na gaske mai ƙaya, don masu sayar da fulawa na bakin titi suna kiran kariya da sunan ros ɗin sahara, ita kuwa wata aba ce daban, reshenta sai an bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a dasa, ba ta son rufi, kuma ruwan jikinta guba ne a kula da yara.

In uwar a gidanku take ko gidan da kike shiga kullum, akwai hanyar da ta fi duk wannan tabbas. Ki nemi reshe mai tsawo da zai lanƙwaso ƙasa, ki kankare ɓawonsa kaɗan a ƙarƙashin wata gaɓa, ki barbaɗa girfar, ki kwantar da wurin a cikin tukunyar yashi ki rufe ki danne da dutse, kan reshen na waje yana kallon sama, ba ki raba shi da uwar ba. In bai lanƙwasuwa ki zagaye ɓawon ki cire kamar zobe faɗin yatsa, ki dunƙula jiƙaƙƙen ɓuntu da yashi a wurin ki naɗe da leda ki ɗaure sama da ƙasa. Uwar ce za ta ci gaba da shayar da shi, ba ruwanki da gora ko gumi, ke dai kar ki bari wurin ya bushe. Bayan wata biyu in kin ga saiwa ta cika sai ki yanke ta ƙasan saiwar ki kai shi inuwa. Allah ya sa albarka Hajiya, in kin yi na daminar nan ki faɗa min nawa suka kama.